Ƙawar Digiri Na Biyu

'Yan uwana mata, mu marubuta mun saba kai tauraruwar labari jami'a, ranar farko mu haɗa ta da aminiya a ɗakin kwana, shi ke nan an ƙulla zumunci. To wannan sai a digirin farko. Ni dai iyakata sakandare, amma na ga yadda digiri na biyu yake a wurin Yayata, lokacin da take zirga-zirga tsakanin Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Ajin nasu duk manya ne: malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati, matan aure masu goyo. Malami na fita kowa ya suri jakarsa, wannan zai kama motar Kaduna, waccan ta bar tuwon dare ba a ɗora ba. Wa zai tsaya hira? Ga shi maigidanta ya gindaya sharaɗi, ban da zaman karatu da maza, alhali su suka fi yawa, kuma a hannunsu tsofaffin takardun jarrabawa suke yawo. Wallahi akwai daren da ta ce mini, "Ƙanwata, ajiye karatun nan zan yi, ko mai tambayata ya jiki ba ni da shi."

Abin da ya cece ta bai taka kara ya karya ba: kuɗin hoton takardu. A Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru wata malama 'yar Kafanchan, Kirista, ta ce su haɗa kuɗi su kwafi littafi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Daga nan suka zama su huɗu, har da ɗan adashi na kuɗin mota.

A ganina sun yi dabara da suka haɗu da wuri, domin da an gama shekarar darussa aji watsewa yake yi, kowa ya koma ga bincikensa da malamin da ke duba shi, sai ki yi wata uku ba ki ga ɗan ajinku ba.

Ranar da Yaya za ta kare bincikenta, jaririnta ya dinga tsala kuka. Malamar nan ce ta goya shi da zanenta, tana ta jijjiga a baranda har aka tashi. Da aka zo bikin ƙanwarmu kuwa, da ita aka yi anko, Hajiya tana ta nuna ta ga dangi tana cewa, "Ga 'yata ta Kafanchan."