Kuɗin Injin Ciyawa: Amanar da Na Yi Wasa da Ita

Filin ƙwallonmu fegi ne a bayan makarantar firamare ta unguwarmu a Kano, babu katanga, babu wurin zaman 'yan kallo. Amma a nan yaranmu suke kwana suna tashi da burin wata rana su taka Filin Wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata cikin rigar Kano Pillars, kamar yadda Ahmed Musa ya yi kafin ya haye Turai.

Damina ce babbar abokiyar gabar filin. Da ruwa ya zauna, ciyawa sai ta kai gwiwa, ƙarangiya ta cika safar yara, tsidau ya huda ƙwallo, ruwa kuma ya zaizaye ƙasa ya bar ramuka a ƙarƙashin ciyawar. Wani dattijo da duk muke kira Baba shi ke fama da filin da lauje da adda. Kafin ya kai raga ta biyu, ciyawar raga ta farko ta sake tsirowa.

A farkon 2023 muka zauna muka yanke shawarar tara kuɗi mu sayi injin yankan ciyawa, da baro, da shebur, da manjagara, da farar ƙasa ta zana layi. Aka naɗa ni ma'aji saboda ina da shago a bakin titi, kuma ba a taɓa jin kaina da kowa a kan kuɗi ba. 'Yan wasa suka riƙa ajiye naira ɗari biyu-biyu bayan atisaye. Mai shayi ya bayar, mahauci ya bayar, 'yan adaidaita sahu suka haɗa nasu. Wata tsohuwa mai ƙosai ta kwance bakin zaninta ta miƙo min abin da ke ciki, ta ce, "Ɗana, jikana yana cikinku, ku gyara musu wurin."

Lokacin ya zo daidai da canjin fasalin naira, takardar kuɗi ta yi wuyar gani. Kulob ɗinmu na ƙwallo ba shi da asusun banki, sai na ba da lambar asusuna na shago a riƙa turowa. Nan ɓarakar ta fara. Kuɗin jama'a da cinikina suka gauraya wuri ɗaya, babu littafi, babu rasit. Da na ga jarina ya ja baya, sai zuciya ta ce min damina da saura, in juya kusan rabin kuɗin in saro kaya, in mayar kafin ruwan farko. Ban shawarci kowa ba. Na kira abin aro, alhali mai abu bai san an ara ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuni darajar naira ta faɗi a kan dala, kayan waje suka tashi. Da na je kasuwa tambayar injin, farashin da aka gaya min ya sa na zauna a kan benci. Ko da kuɗin suna nan cif ba za su isa ba, balle an taɓa su. Da na saya tun a watan Maris, da injin yana hannun Baba.

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na shiga kwana-kwana. Yau in ce kaya suna hanya, gobe in ce ana neman mai inganci. Na daina bi ta filin da yamma. Ana haka a cikin Agusta wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya jefa ƙafa a ramin da ciyawa ta rufe, ya samu karaya. Da na je dubiya, kakarsa ce ta shimfiɗa min tabarma. Ita ce mai ƙosan nan. Ta yi ta gode min da ɗawainiyar da nake yi wa yara. Wannan godiyar ta fi min zagi ciwo.

Washegari Baba ya same ni a shago. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In akwai magana, ka faɗa mana tun muna ganin girmanka."

A zauren mai unguwa, gaban kwamitin kulob da iyayen yara, na ce, "Ranka ya daɗe, ni na taɓa kuɗin, ba tsada kaɗai ta hana mu injin ba." Na sayar da babur ɗina na cika abin da na ɗauka, na ɗauki nauyin ɗorin yaron, na ajiye muƙamin. Wasu sun yafe a take, wasu har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinsu ba.

Kulob ya buɗe asusu da sa hannun mutum uku. Duk ranar Juma'a ana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bakin fili. Aka fara sayen baro da shebur aka cike ramuka, daga baya aka samu injin na hannu mai kyau, ana ware kuɗin mai da na gyara duk wata.

Mai karatu, in jama'a suka damƙa maka ko da naira ɗaya ce, kada ka haɗa ta da taka, kada ka riƙe ta kai kaɗai, kuma ka sayi abin da aka tara dominsa tun da wuri. Kuɗin amana ba a aronsu a ɓoye. Allah Ya ba mu ikon sauke abin da aka ɗora mana.