Takarda Kafin Tafiya: Daga Zakka Zuwa Maraɗi

A hutun Kirsimati na shekarar 2024 mu biyu, malaman makarantar ekklesiya, muka tafi Zakka a ƙasar Safana domin mu gai da iyayen wani almajirinmu na dā. Mun yi niyyar kwana ɗaya ne, sa'an nan mu wuce Maraɗi wurin 'yan'uwa. Amma muka tarar da wata magana a gidan wadda ta sa muka kwana uku.

Ga wanda bai san wurin ba, Zakka tana yammacin Jihar Katsina, ta wajen Batsari, ba nisa da Dajin Rugu. Ƙasar gero ce da dawa da wake da gyaɗa. Mun isa bayan an gama kaka, rumbuna a cike, karan dawa a tsaye a gonaki, hazo ya rufe sararin sama. Amma mutanen wannan yanki sun sha wuya ƙwarai a hannun 'yan bindiga. An kwashe shanu, an kama mutane don kuɗin fansa, ƙauyuka da yawa sun tashi. A watan Satumba na 2021 har gwamnati ta sa aka yanke layin waya a Safana da Batsari da waɗansu ƙananan hukumomi na tsawon watanni. Saboda haka ba ma ganin laifin saurayin da ya duba gabas ya duba yamma, ya ce shi fa tafiya zai yi.

Tafiya kuwa ba baƙuwa ba ce a nan. Tun kaka da kakanni, da an kai amfani gida samari sukan ɗaure kaya su tafi cin rani, waɗansu Kano, waɗansu Kurmi, su yi dako ko ga-ruwa ko gadi, su komo da faɗuwar ruwan fari. Abin da ya sāke yanzu shi ne nisan wurin da ido yake hange, gama wayar hannu ta kawo dukan duniya cikin zaure.

Da dare bayan tuwo maigidan ya kira mu gefe. Ya ce, "Malam, ga yaronku ya tasa ni gaba. Wai in sayar da shanun noman nan biyu, akwai wani mutum da zai yi masa takardar zuwa Ostareliya, ya yi yawon buɗe ido yana aikin gona ana biyansa." Shanun nan biyu kaɗai suka rage masa. Muka ce a kira yaron. Ya zo ya durƙusa, ya miƙo waya. Ga hoton gonar inabi, ga samari suna dariya, ga saƙon mutumin yana cewa a aiko rabin kuɗi kafin sabuwar shekara, in ba haka ba gurbi ya cika.

Ya masu karatu, irin wannan biza akwai ta, ba ƙarya ba ne. Ƙasar Ostareliya ta soma ba da ita a 1975. Ana ba matasa masu shekara 18 zuwa 30, a waɗansu ƙasashe har 35, su zauna wata 12 suna zagaya ƙasa suna aiki don su sami na kashewa. Cin rani ke nan irin na Turawa. Amma sai ƙasashen da suka yi yarjejeniya da Ostareliya ake ba mutanensu, Nijeriya kuwa ba ta cikinsu. Ingila ma dā tana da irin wannan tsari domin matasan ƙasashen rainon Ingila, har waɗansu namu sun je ta wannan hanya, amma ta rufe shi a watan Nuwamba na 2008. Wanda ya maye gurbinsa bai haɗa da mu ba. Watau mutumin nan yana sayar da ƙofar da babu ita. Ko waɗanda suka cancanta ma, da kansu suke cika takarda wurin gwamnatin ƙasar, ba a sayen gurbi a hannun dillali.

Yaron ya ce, "Amma Malam, ya ce in wannan ba ta samu ba zai yi mini ta yawon buɗe ido, in na shiga sai in nemi aiki." A nan ne da yawa suke faɗuwa. Bizar ziyara ba ta ba mutum izinin aiki. Wadda ake bayarwa don yawancin ƙasashen Turai, alal misali, kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, sai kuma ka nuna kuɗin da za ka ci, da masauki, da inshorar lafiya, da abin da zai komo da kai gida. Wanda ya shiga da sunan ziyara ya kama aiki ya karya doka, ya kuma yi ƙarya tun daga ranar da ya sa hannu a takarda. Mu dai ba mu ga yadda mai bi zai roƙi Ubangiji ya sa albarka a tafiyar da aka soma da ƙarya ba. Haka muke faɗa wa masu zuwa ziyarar Urushalima ta hannun hukumar da gwamnati ta kafa a 2007: wanda ya sulale ya ƙi komowa, ya ɓata sunan Kristi, ya kuma ƙuntata hanya ga na bayansa.

Washegari yaron bai fito da wuri ba. Mahaifiyarsa ta ce ya kwana yana juyi. Muka zauna da maigidan a ƙarƙashin dalbejiya, sai ya ba mu wani labari da ba mu taɓa ji daga bakinsa ba. Ashe a zangon Kumasi ya yi ƙuruciyarsa, mahaifinsa yana fataucin goro. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busiya ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. Ya ce, "Shekara goma sha baban namu yana can, kowa ya san shi, amma ba takarda ko ɗaya. Muka bar gida da tukwane, muka hau bayan babbar mota kamar buhuna." Muka tuna masa cewa mu ma a Janairun 1983, zamanin Shagari, mun kori mutanen Gana da sauran baƙi haka nan. Ya yi shiru, can ya ce, "To, ramuwa ce ke nan."

Da yamma muka yi sujadar iyali. Muka buɗe Littafin Nehemiya sura 2. Mun sha karanta wurin nan saboda ginin garu, amma ran nan wani abu dabam muka nuna. Nehemiya ya yi addu'a da azumi, sarki kuma ya yardar masa ya tafi. Duk da haka bai kama hanya hannu sake ba. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin ƙasashen da zai ratsa, da wata zuwa ga mai tsaron kurmin sarki domin katako, ya kuma faɗa wa sarki lokacin da zai komo. Fasfo ke nan, da biza, da ranar dawowa. Muka ce wa yaron, in yana so ya ga wata ƙasa, ya zo mu tafi Maraɗi tare, ya ga yadda ake ƙetare iyaka da rana tsaka. Mahaifinsa ya yarda.

Muka bi ta Batsari zuwa Katsina, da hantsi, gama ba a tafiyar asuba ko ta dare a wannan hanya. Kafin a shiga birni akwai Babbar Ruga, inda mishan ta yi aikin jinyar kutare shekaru da yawa. Daga Katsina zuwa Maraɗi kamar kilomita 90 ne, ta Jibiya, a tsaya a Magama a gefenmu, a tsaya a Ɗan Isa a gefensu.

Abin da ya sa muka iya zuwa ba biza shi ne yarjejeniyar da shugabannin ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a watan Mayu na 1979. Ta ce ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba biza, muddin yana da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi. A lura fa, "ba biza" ba ya nufin "ba takarda". Mu malamai muna da fasfo da katin allurar shawara, wanda ake kira katin rawaya. Allurar nan sau ɗaya ake yi, tun 2016 kuma katin ba ya mutuwa, amma ba ya soma aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya yi allura yau ya kama hanya gobe, katinsa banza ne a bakin iyaka. Akwai kuma masu sayen katin ba su yi allurar ba. Sauro dai ba ya karatu.

Yaron katin shaidar ɗan ƙasa kaɗai gare shi. A wani shinge, wanda ba za mu ambata ba, aka sauke shi tare da waɗansu fasinjoji, aka tsai da su a rana. Mu da muke da cikakkun takardu aka duba, aka buga hatimi, aka miƙo mana, ba wanda ya tambaye mu ko kwabo. Shi kuwa sai da muka yi ta bayani muna ba da haƙuri kusan sa'a guda, direba yana ta danna ƙaho, sauran fasinjoji suna tsaki. Laifinmu ne, mun sani, gama mu muka ɗauko shi ba shiri. Da ya komo mota muka ga hannunsa yana rawa. Ya ce a hankali, "Malam, nan ma da ake Hausa ke nan."

Gaskiya ce ya faɗa. Maraɗi ba baƙon wuri ba ne ga Bakatsine. Sarakunan Katsina na dā, bayan da jihadi ya fitar da su daga birni, su suka zauna a nan, har yau kuwa sarkin garin Sarkin Katsina ake ce masa. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakani a farkon ƙarni na 20. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, fura ɗaya. Sai dai lissafin kuɗi zai ruɗe ka. Su da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jaka ɗaya kuma sefa 1,000 ce. Abokin tafiyarmu ya tsaya yana gardama da mai tsire a kan wannan har mutane suka taru suna dariya. Ya fi kyau mutum ya canja kuɗinsa kaɗan kaɗan, ya ƙirga a gaban mai canji, kada kuma ya tara su duka a aljihu ɗaya.

Kafin a shiga gari muka wuce Danja, inda mishan ta SIM take da asibitin kutare tun 1956. 'Yan'uwa suka karɓe mu da murna. Ran Lahadi muka yi sujada tare, da Littafi iri ɗaya da namu, sai dai sanarwa da aka yi ta haɗe da Faransanci. Wani dattijon ekklesiya ya kai mu gonarsa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne itatuwa, gawo da kalgo da aduwa ko'ina cikin gona. Ya ce sassaben zamani ke nan: ba a dasa ba, kututturen da ke ƙasa ne ake bari ya toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a sare sauran. Wani ma'aikacin mishan, Toni Rinaudo, shi ya soma koya wa manoma wannan wajen 1983. Muka tambayi ƙasarsa. Dattijon ya ce Ostareliya. Yaron ya dube mu, mu ma muka dube shi, ba wanda ya ce kome.

A tashar Maraɗi kuma muka ga motocin da ke nufar arewa. Dattijon ya nuna su da haɓa ya ce yawancin masu alkawarin Turai nan suke bi da yara, zuwa Agadas, daga can Libiya ko Aljeriya. Ya tuna mana da Oktoban 2013, sa'ad da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Labarin Yusufu da aka sayar wa fatake bai tsufa ba.

Bayan komowarmu abubuwa sun sāke. Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. Kowane ɓangare ya yi shela cewa mutane za su ci gaba da shiga ba biza, amma yanzu alheri ne na gwamnati, ba yarjejeniya ba. Iyakar nan kuma an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sāke rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024. Don haka mai niyyar zuwa ya tambayi wanda ya dawo cikin makon nan, ya kuma riƙe cikakken fasfo. Gana da Benin da Togo suna nan cikin ƙungiyar. Fasfo kuwa a ofishin shige da fice ake yinsa, da lambar shaidar ɗan ƙasa, mutum ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Daga Satumban 2025 aka sa kuɗin mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Kuɗi ne mai yawa ga manomi, amma bai kai ƙafar sa ɗaya ba. A duba kuma kada ya rage ƙasa da wata 6 ya mutu ran tafiya, a bar hotonsa a gida wurin iyali tare da sunan masauki da lambar waya, a kuma karɓi wasiƙa daga fasto zuwa ga ekklesiyar garin da za a sauka.

Yaron bai aika wa mutumin nan kuɗi ba. Da ya rubuta masa yana tambayar sunan ofishinsa da inda yake, sai lambar ta daina shiga. Ran nan ya yi kuka, ba mu san ko na baƙin ciki ne ko na tsira ba. Ranin ya tafi aikin lambu wajen madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-ma, ya komo da damina. Mahaifinsa ya aiko mana da saƙo cewa shanun sun yi huɗa bana, yaron kuma ya bar tohon gawo bakwai a gonar bayan gida, maƙwabta suna ce masa rago.