Ajingi da Hayaƙin da Ake Wankewa a Challawa

Wanda ya bar birnin Kano ya kama hanyar Wudil, ya haye gada, ya bi ta Gaya, sannan ya karkata arewa zuwa Ajingi, zai ji iska ta sauya masa tun kafin idonsa ya gama sabawa da sararin ƙasar. Babu dogon bututun masana'anta ko ɗaya a nan. Gonakin gero ne da dawa, da fadamu, da garuruwa irin su Toranke, Kunkurawa, Balare da Chula. Hayaƙin da ake gani bai wuce na murhu da na masu ƙyafe kifi ba. Mai karatu zai iya tambaya: me ya haɗa wannan ƙasa da na'urar tace hayaƙin masana'antu? Amsar tana kwance a cikin kogi.

Kogin Challawa da Kogin Kano suna haɗuwa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja, wanda ke bi ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim. A can sama, a rukunin masana'antu na Challawa da Sharaɗa, majemun zamani suke. Suna cire gashin fata da farar ƙasa da sinadarin salfaid, abin da ke sakin iskar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kisa idan ta taru a rufaffen wuri. Akwai kuma amoniya mai yaji a ido, da kuromiyam da ake jima da shi.

Maganin da injiniyoyi suka daɗe da sani shi ne hasumiyar wanke hayaƙi. Ana tura gurɓatacciyar iska daga ƙasa, ana yayyafo ruwa mai soda daga sama, su gamu a tsakiya cikin tarin ƙananan robobi da ke ƙara musu wurin haɗuwa. Iska ta fita a tsaftace. To amma dafin bai ɓace ba, masauki kawai ya sauya: ya bar iska ya koma ruwa.

Ingila ta koyi wannan darasi tun da daɗewa. A shekarun 1930 aka fara wanke hayaƙin tashar lantarki ta Battersea da ruwan Kogin Temis a Landan, ana mayar da ruwan cikin kogin. Daga baya sai da aka dakatar da aikin, domin kogin ne ke biyan bashin iska.

Na zauna a bakin ruwa a wannan yanki da rani, ina kallon masunta suna jan koma, masu noman rani suna ja da injin ban-ruwa zuwa kwamin albasa da tumatir, makiyaya suna shayar da shanu. Babu ɗayansu da aka taɓa gayyata wurin sa hannu a kwangilar wata masana'anta, alhali ruwa ba ya tsami banza, kuma su ne ke ƙarshen magudana.

Shi ya sa nake ganin hikima a tsarin da ake damƙa zane da gini a hannun kamfani guda. Idan mai zane daban, magini daban, to ranar da na'ura ta gaza kowa zai nuna ɗan'uwansa. Idan hannu ɗaya ne, an san wuyan da za a kama. Sai dai tsarin ba zai amfani Ajingi ba sai kwangilar ta wuce bakin bututu: ta fayyace inda za a tace ruwan wankin, da inda za a binne laka, da wanda zai sayi soda bayan shekara biyu, da abin da zai faru idan wuta ta ɗauke.

Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano suna da hurumin tilasta wannan. Ina kira gare su da kada su tsaya ga auna abin da ke fita sama. Su riƙa ɗibar ruwa a Wudil da Ajingi, su gwada, su kuma sanar da hakimai da dagatai sakamakon da Hausa. Manomin da ke shayar da albasarsa daga wannan kogi yana da haƙƙin sanin abin da ke cikinsa.