Halin Kirki da Doka

Mu Katsinawa muna alfahari da cewa marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya bayyana wa jama'a kadarorinsa a 2007 ba tare da an tilasta masa ba. Sai dai halin kirki yakan bi mai shi kabari, doka kuwa ta wanzu.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa tambayar ɗan ƙasa, sai a 2011 aka sa mata hannu, bayan ƙungiyoyi irin su Media Rights Agenda sun yi ta fafutuka tun 1993. Duk sanda na kai takarda ma'aikata ina neman bayanin kwangila, guminsu nake ci. Shi ya sa duk wata nake ware wa irinsu wani abu daga albashina.