Yini Guda a Gungu

Mu mutanen Ƙofar 'Yandaka ne, a birnin Katsina. Ruwan da yaranmu suka sani shi ne na famfo idan an sako daga Ajiwa, sai kuma na jarkar 'yan ga-ruwa. Saboda haka da ƙanen uwargida, wanda ke aiki a Yelwan Yawuri, ya aiko cewa mu je mu yi hutun Kirsimeti na 2019 a wurinsa, ya kuma yi alkawarin sa mu a jirgin ruwa, sai yara suka hana mu barci. Muka bi ta Funtuwa da Gusau, muka kwana a Sakkwato. Kashegari muka ratsa Jega da Koko, muka isa Yelwa da la'asar.

Yelwa tana bakin Kogin Kwara, daidai inda ya fara buɗewa ya zama Tafkin Kainji. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, don samar wa Nijeriya wutar lantarki. Ruwan da aka tare ya kwanta ya yi tsawon kilomita wajen 135. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ga hunturu, ga ƙura, ko'ina ya bushe, amma kogi a cike yake. Kawun yara ya ce ai ambaliya biyu kogin ke yi a shekara. Ta fari ita ce farin ruwa, na damunar ƙasashen nan kusa, mai laka. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ya sauka a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, sai wajen Disamba yake isowa garau. Ashe ruwan da muke kallo ya fi mu yin doguwar tafiya.

Ranar da aka sa, muka yi sammako zuwa mashaya. Kawu ya ɗauki shatar kwalekwale mai inji. Mu bakwai ne: mu biyu da uwargida, yara huɗu, da shi. Muka gangara kudu kamar sa'a guda, muna wuce masunta suna jefa birgi. Mai jirgi ya sauke mu a wani ƙaramin tsibiri, ya ce zai kai kaya gaba, zai dawo ya ɗauke mu da ƙarfe huɗu.

A can tsibiri ana ce masa gungu, shi ya sa Hausawa ke kiran mazaunansa na asali Gungawa. Su kuwa Reshe suke kiran kansu, suna da harshensu, ko da yake yawancinsu yanzu Hausa suke yi. Gungun da muka sauka bai fi unguwa guda girma ba. Babban ɗanmu ya zagaye shi da ƙafa kafin a gama hura wuta. Akwai 'yan bukkoki, da ragar kifi a shanye, da fangalin albasa kore shar har bakin ruwa. Uwargida ta sayi karfasa da kurungu a hannun wata mata, aka gasa, muka haɗa da shinkafar da muka zo da ita. Autarmu ta ƙi ci, tana can tana tara bawon kumba a cikin ɗankwalinta.

Mai albasar wani dattijo ne. Ya zo ya yi mana maraba, ya zauna a gefen tabarma. Muka gaisa, muka tambayi aiki.

Babban ɗanmu ya ce, "Baba, ina garinku yake? Ban ga makaranta ba, ban ga kasuwa ba."

Dattijo ya miƙa hannu wajen tsakiyar ruwa. Ya ce, "Ga shi can, jikana. Ƙarƙashin inda tsuntsun nan ya sauka. Nan aka haife ni. Inda kuke zaune yanzu, tudun da muke ɗaure awaki ne."

Ya ce yana ɗan shekara goma aka tashe su. Gwamnati ta gina musu gidajen bulo a kan tudu, nesa da gaɓa, aka kwashe su da tukwanensu da kajinsu. Rumbuna, da tsamiyar ƙofar gida, da kabarin kakansa, duka ruwa ya rufe. Ya ce gidajen ba su da laifi, sai dai su mutanen ruwa ne, aka mai da su mutanen tudu dare ɗaya. Shi ya sa duk rani yake dawowa nan ya kafa bukka ya dasa albasa.

Labarin ba na gidansu kaɗai ba ne. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga ƙauyuka fiye da 200 saboda wannan madatsa. Tsohon garin Busa ma, inda Baturen nan Mungo Park ya rasu a kogi a 1806, yana ƙarƙashin tafkin, aka gina Sabuwar Busa a madadinsa. Shekara da shekaru muna koya wa 'yan firamare cewa madatsar Kainji an kafa mata injinan da za su ba da megawat 760. Amma ba mu taɓa faɗa musu waɗanda suka ba da gidajensu ba, don mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Ran nan kunya ta kama mu.

Ƙarfe huɗu ta yi, babu jirginmu. Huɗu da rabi, shiru. Iska ta fara tashi, auta ta fara kuka, ga sauro. Can sai ga wani babban jirgin 'yan kasuwa ya raɓo gaɓa, zai nufi Yelwa. Buhunan albasa ne jibge, da babura biyu, da tumaki, mutane kuma zaune a kan kaya. Yaron jirgi yana ta kira, wai akwai wuri.

Kawu ya ce, "Yaya, mu shiga kawai. Kullum haka ake tafiya a nan."

Gaskiya zuciyarmu ta karkata. Kuɗin kaɗan ne, ga yara sun gaji. Har mun fara naɗe tabarma, sai dattijo ya riƙo hannun rigarmu.

Ya ce, "Malam, dubi bakin jirgin nan. Tsakaninsa da ruwa bai kai taƙi guda ba. Ga iska. Kuma akwai kututturan itatuwan garinmu a ƙasa, tun 1968 suke tsaye. Jirgi mai nauyi in ya hau ɗaya, shi ke nan. Cikin yaran nan wa ya iya iyo?"

Muka ce babu.

Ya ce, "To, ku zauna. In naku bai zo ba, ga bukka, ku kwana. Sauro ba ya kashe mutum a dare ɗaya."

Uwargida ta sake shimfiɗa tabarma ba ta ce uffan ba. Jirgin 'yan kasuwa ya tafi, muna jin ana yi mana dariya. Ƙarfe biyar da kwata namu ya iso, wai inji ne ya ba shi wahala. Muka kai Yelwa rana tana faɗuwa. Wancan jirgin ma ya isa lafiya, mun tarar ana sauke kayansa, kawu ya yi ta zolayarmu har muka baro garin.

Ba a yi shekara biyu ba, ran 26 ga Mayu, 2021, muka ji a rediyo cewa wani jirgi maƙare da mutane ya kife a wannan ruwa kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski. Gawarwakin da aka tsamo sun haura 70. Daren nan kawu ya kira mu. Ya daɗe bai yi magana ba, sa'an nan ya ce, "Yaya, tsohon nan ya fi mu gaskiya."

Ya ku iyaye, idan Allah ya kai ku irin wannan wuri da iyali, ku tuna baƙo ko da ido makaho ne. Ku dubi bakin jirgi kafin ku shiga. Ku nemi rigar ruwa tun a mashaya, mu ba mu da ita ran nan, kuma kuskure ne. Kada ku yarda da tafiyar dare. Ku kuma nemi tsohon wurin ku gaishe shi, ku zauna ku saurara.

Bawon kumbar auta yana nan cikin gwangwani a kan taga. Yanzu idan aka kawo wuta a Ƙofar 'Yandaka, yaran unguwa suka ɗauki ihu, babban ɗanmu yakan ce, "Ko Baba mai albasa ya samu tasa?" Ba mu tambaye shi ba ran nan. Abin da muka gani a bukkarsa dai aci-bal-bal ce.