Nafkin dozin biyu da maganar ruwa

Jiya da hantsi amaryar maƙwabtanmu ta shigo aron turmi, cikinta ya fara turo riga, ta same ni a tsugune gaban baho hannuna duk kumfa. Ta ɗaga kai ta kalli igiyar shanya, fararen nafkin goma sha huɗu a jere iska na kaɗa su, ta riƙe baki ta ce, "Anti, dama har yanzu ana amfani da wannan abin?" Na ce mata ana yi, ga shi kuwa kina gani. Ta tafi da turminta, ni kuma tambayar ta ƙi barina, shi ya sa na zauna rubuta wannan bayan yara sun yi barci. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

'Ya'yana biyu na farko da pampas na raine su tun daga ranar haihuwa har suka iya zama a fo. Ba zan ɓoye ba, a lokacin kallon tsohon yayi nake wa nafkin, abin da iyayenmu suka yi don ba su da yadda za su yi. Na ukun ya zo a farkon 2024, kowa kuma ya san yadda gari yake a lokacin. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta faɗi warwas, kafin shekarar ta ƙare kamfanin Procter & Gamble mai yin Pampers ya ce ya daina sarrafa kaya a Najeriya, sai dai ya riƙa shigo da su daga waje. A 2024 masu yin Huggies su ma suka naɗe tabarmarsu. Molfix da sauran waɗanda suka rage suna nan a kanti, amma kuɗin da a da yake sayen babban ƙunshi ya koma da ƙyar yake sayen ƙarami. Jariri sabon haihuwa kuwa bai san da wannan ba, sau takwas, sau goma a wuni sai an canza masa.

Wani dare maigidan ya gama lissafinsa a waya, ya yi gyaran murya ya ce, "Ko za mu gwada nafkin ne?" Na yi shiru. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kalmar "mu", don na san hannun wa zai shiga ruwan.

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta zo min zaman jego. Da ta ji zancen ko a jikinta, ta ce a ba ta kuɗi ta aika kasuwar Sabon Gari. Aka kawo dozin biyu na mai kaurin nan mai kama da tawul, da wandon roba huɗu, da fil manya, da bokiti biyu masu murfi. Abu na farko da ta yi ya ba ni mamaki: ta zuba su sabbi fil a baho ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa. Na ce, "Gwaggo, ai sabbi ne." Ta ce, "Ke 'yar nan, sabon nafkin ba ya shan ruwa, sai ya sha wanki tukuna." Haka ne kuwa. Ka zuba wa sabo ruwa ka ga yana gangarewa a kansa kamar a bayan agwagwa.

Sai ta sa na fito da tsofaffin zannuwana na atamfa waɗanda suka koɗe suka yi laushi, ta yayyanka su falle-falle kamar tsawon tafin hannu biyu. Wannan ƙyallen shi ake shimfiɗawa a ciki, shi ke taɓa jikin yaro, shi kuma ke tare kashi. In ya ɓaci da yawa a jefar, ba asara. Ta shimfiɗa nafkin a kan gado, ta ninka shi ya koma kusurwa uku, ta kwantar da yaron a tsakiya, ta ɗago bakin ƙasa ta tsakanin cinyoyinsa, ta jawo na dama da na hagu suka haɗu a ƙasan cibiya. Sannan ta zura yatsunta biyu tsakanin nafkin da cikin yaron kafin ta soka fil. "In zai soki wani, ke zai soka," in ji ta. Fil ɗin ma a jikin sabulu take cake su in ba a amfani da su, don su riƙa shiga da santsi. Sati guda na yi ina ɗauri yana kwancewa, fitsari na bin cinya yana jiƙa zanen goyo, ita kuma tana zaune tana damun kunun kanwa tana min dariya.

Ɗauri dai ana koyonsa a gama. Wanki ne ba ya ƙarewa.

Bokiti ɗaya na fitsari ne, ɗaya na kashi, kuma ba a haɗa su. Na fitsari da zarar an cire sai a ɗauraye shi da ruwa a matse kafin a jefa. Na kashi a kai shi banɗaki a kakkaɓe a masai, a ɗauraye da ruwan sanyi. Da ruwan sanyi na ce, don ruwan zafi dafa tabon yake ya zauna daram. Bayan nan ne ake wankin gaske da sabulu ko omo, in da ruwan ɗumi ya fi. Inda mutane suka fi yin ganganci shi ne ɗauraya. Sau uku Gwaggo take yi, sai ta ga ruwan ya fito garau babu kumfa ko kaɗan. Sabulun da ya maƙale a zare shi ke sa nafkin ya bushe ƙanƙam kamar ƙirgi, shi kuma ke cin fatar yaro.

Na yi kuskure biyu bayan Gwaggo ta koma gida da muka yi arba'in. Na farko, gajiya ta sa na bar bokitin fitsari kwana biyu a jiƙe. Da na buɗe murfin wani wari ya bugi idona har da hawaye. Na wanke sama-sama na shanya, kwana biyu tsakani mazaunan yaron suka yi jawur, ko ruwa ya taɓa sai ya tsanyara kuka. Man kaɗanya da barin shi tsirara a kan tabarma yana shan iska su suka taimake ni, sai kuma sake wanke nafkin ɗin gaba ɗaya da ruwan zafi. Na biyu, son fari ya sa na riƙa tuttula musu sinadarin farar da kaya kullum, kafin wata biyu huɗu daga ciki suka fara yagewa a hannuna. Wata ma'aikaciyar jinya a wurin rigakafi ta ja min kunne cewa kada na kuskura na zuba shi a kan kayan da fitsari bai fita ba, domin haɗuwarsu na tayar da iska mai cutar da ƙirji. Tun daga nan sai jefi-jefi, kaɗan, kuma bayan an gama wanki.

Ashe ma ba na buƙatarsa sosai, rana ce mai aikin. Kashin jaririn da nono zalla yake sha ruwan ɗorawa ne, ba shi da wuyar fita, tabon da ya rage kuma ka shanya shi a tsakiyar rana da hantsi, kafin azahar ka neme shi ka rasa. Ranar farko da na gani sai da na juya nafkin ɗin gaba da baya ina nema.

Kowane lokaci na shekara da irin nasa hali. Da bazara, sanda zafin Kano ke haura digiri 40, kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya kusa bushewa, amma wandon roba a wannan zafin azaba ne, ƙuraje yake feso wa yaro a kwankwaso. Da rana cire shi nake, na shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani kawai. Da hunturu ruwa kamar ƙanƙara, hannu ya tsattsage omo na shiga yana raɗaɗi, ƙura kuma ta mayar da fari ruwan ƙasa in ka yi jinkirin kwashewa. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne marka a watan Agusta. Kwana uku babu rana, na ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofa a cikin ɗaki, nafkin a kan kujera, nafkin a kan ƙyaure, ga babu wuta, sai dutsen guga na gawayi nake bi da shi ɗaya bayan ɗaya don su ƙarasa bushewa. A nan na gane dozin biyu ba su isa damina ba.

Maganar guga ta tuna min wata doka ta Gwaggo. Ba ta yarda a shanya kayan jariri a ƙasa ko a kan yashi ba, ba ta yarda su kwana a waje ba. In ka tambaye ta dalili sai ta ce, "Ba kyau," shi ke nan. Daga baya na ji ta bakin ma'aikatan lafiya cewa akwai wani ƙuda da ke bin warin fitsari ya yi ƙwai a ƙasa da jikin kayan da aka shanya a inuwa, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji kamar maruru. Shanya a igiya cikin rana da guga mai zafi ke maganinsa. Tsofaffin nan sau da yawa dokar na hannunsu, bayanin ne ba su damu da shi ba.

Da ya shiga wata shida ya fara shan kunu, sai kiɗa ya canza. Kashin mai cin abinci wani abu ne daban, ba sai na yi muku bayani ba. A nan na koma wa dabarar iyayenmu: da asuba in ya farka, da kuma bayan ya ci abinci, na miƙe ƙafafuna na zaunar da shi a kansu, fo a ƙasa. Wata rana a dace, wata rana a yi zaman banza. Duk ranar da aka dace, nafkin ɗaya ya tsira. Sai dai in roƙi 'yan uwana mata abu biyu. Mu daina cewa kashin yaro ba kashi ba ne, muna watsa ruwan wankinsa a tsakar gida ko a lungu. Masai ne wurinsa, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko a ba da nono. Na biyu, bokitin nan ya kasance a rufe, a inda mai rarrafe ba zai kai ba. Ruwa kaɗan a gindin bokiti ya isa ya halaka yaron da ya leƙa kansa ya rinjaye shi.

Ga kuma batun tsarki, wanda ya dame ni a farko, don mai nafkin ba ta rabuwa da ɗigon fitsari a zani. Malamarmu ta Islamiyya ta kwantar min da hankali, ta ce a littattafan Malikiyya irin su Muhtasar an yi wa mai shayarwa rangwame kan abin da ya taɓa tufarta matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, kuma an so ta ware tufar salla daban. Na ware zani da hijabi na rataye a ƙusa, ba na goyo da su.

To, shin nafkin ya fi araha? Ya fi, ko an haɗa da omo da sabulu da gawayi. Kuma ban ƙara tara ledar pampas ina jiran yaran bola ba, balle na ga nawa a cikin waɗanda ke toshe kwata suna kumbura in an yi ruwa. Amma unguwarmu famfo ado ne, a wurin 'yan garuwa muke saye, kuma tun da na fara nafkin jarka uku ta ƙaru a kan abin da muke sha kullum. Ragowar kuɗin da ba a biya a kanti ba, bayana ne ya biya, da awa guda da rabi na kowace safiya, ga girki, ga shirin 'yan makaranta. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji namiji ya gyara zama yana cewa matan yanzu ragwaye ne, iyayenmu da tsumma suka raine mu. Gaskiya ne. Sai dai iyayenmu a gidan yawa suke, ga kaka, ga faccala, ga 'yar riƙo, ga rijiya a tsakar gida. Ni daga ni sai yara a ɗaki biyu na haya.

Ko a can inda pampas ya samo asali, gajiya ce ta haife shi. Wata uwa Ba'amurkiya mai suna Marion Donovan, a 1946, ta gaji da wankin zanen gado kullum, ta yanka labulen roba na banɗaki ta ɗinka wa 'yarta abin da za a sa a kan nafkin ya tare ruwa. Pampers kuma da ya fito a 1961, wani injiniya ne mai suna Victor Mills ya jagoranci aikin, kaka ne da ya ɗanɗana canza wa jikansa nafkin ya ji babu daɗi. Namiji ya taɓa aikin na ɗan lokaci, ga abin da ya biyo baya. Don haka wadda take da hali ta sayi pampas ɗinta, ba wanda ya isa ya goranta mata. Wadda ke wanke nafkin ita ma kada ta ji kunyar igiyarta in baƙi sun shigo.

Ni yanzu raba ƙafa na yi. Nafkin da rana in muna gida, pampas da dare da ranar asibiti da zuwa biki. Ƙunshin da a da yake mana sati yanzu yana kusan kai mu wata. Maigidan kuma, in ba shi haƙƙinsa, tun ranar da ya dawo ya same ni ina guga da gawayi ƙarfe goma na dare, ya ɗauke min kwashe shanya da ninki in yana gida, ya ƙaro dozin ɗaya, kuɗin ruwa kuma ya daina jira sai na tambaya.

Maza masu cewa a koma nafkin, don Allah ku fara da sayen bokiti mai murfi, ku ɗaura igiya inda rana ke faɗawa, ku san jarka nawa ake sha a gidanku. Ita kuwa amarya, da ta dawo da turmi da yamma na ce mata ta sa dozin uku a cikin kayan haihuwa, tun da a damina za ta sauka, amma kafin ta saya ta zaunar da angonta su gama maganar ruwa.