Yawon Buɗe Ido: Mu Fara da Gida



Duk shekara idan maganar fita yawon buɗe ido ta taso, sunayen da ake fara ji a aji su ne Yankari, Dutsen Zuma da gidan namun daji na Kano. Da an yi lissafin kuɗin mota da na abinci sai jikin kowa ya yi sanyi, maganar ta bi ruwa, shekara ta ƙare ba a je ko'ina ba. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun zauna mun tattauna, muka ga cewa abin da ake nema a nesa akwai irinsa a jiharmu, wani ma daga nan Yalwawa ana hango shi.

Duwatsun da muke wucewa kullum a hanyar makaranta su suka ba garinmu suna. Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, a mai da Dutse babban birni, akwai tsohon garin Garu a tsakanin duwatsun nan, inda fadar sarki take. Wanda ya hau can ya dubi ƙasa zai gane dalilin da ya sa mutanen dā suka zaɓi wurin: maƙiyi ba zai iso ba tare da an hango shi ba. Zuwa Garu bai wuce kuɗin adaidaita sahu ba.

Birnin Kudu kuwa tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce a mota. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin dutse. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarin wurin a shekarun 1950. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne wasu shanun da aka zana ba su da tozo, alhali shanun Fulaninmu na yau duk da tozonsu. Ke nan dutsen yana ba da shaidar wani irin kiwo da ya shuɗe. Akwai kuma duwatsu masu amo, waɗanda idan an buga su suke ƙara kamar ƙararrawa.

Ga masu son ruwa, sai mu nufi Haɗejiya. Garin kansa darasi ne, domin a nan ne Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906, aka kashe shi, shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Gaba da garin, a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, akwai dausayin Baturiya, wanda a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A lokacin hunturu tsuntsaye kan taso tun daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a tafkunan wurin su tarar da ɗinya da kirinjijiya na gida. Tsuntsu ya yi wannan doguwar tafiya ba fasfo ba guzuri, mu kuwa mota kawai muke buƙata.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne waɗannan wurare ba za su jira mu har abada ba. Tun da aka gina madatsar ruwan Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya ta sauya. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, masunta da manoman shinkafa suna ji a jikinsu. Duwatsu kuma suna fuskantar masu fasa su don gini. Zanen da ya yi ɗaruruwan shekaru yana iya zama tsakuwa a wuni ɗaya, kuma babu mai sake zana shi. Mutum ba ya kare abin da bai sani ba.

Don haka muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu na tarihi da labarin ƙasa, a wannan zangon a fara da Garu da Birnin Kudu, tunda ana iya zuwa a dawo kafin la'asar. Baturiya a bar ta sai sanyi ya shigo, lokacin da baƙin tsuntsayen suke nan. Mu kuma ɗalibai mu yi alkawari uku: ba rubuta suna a jikin dutse, ba yar da ledar ruwa, ba harbin tsuntsu da danƙo. Kowa ya riƙe littafi da biro, ya tambayi dattawan wurin cikin ladabi, ya rubuta abin da ya ji.

Mun maƙala takarda a ƙasan wannan allo. Duk mai son zuwa ya sa sunansa da ajinsa kafin ranar Juma'a, domin da yawan sunayen za mu shiga ofishin shugaban makaranta.

Daga 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.